Layin Kalmomi Arba'in

A ofishin ruwa ba wanda ke kiran su da komai sai Ƙugiya da Biro. Ƙugiya shi ne babba, shi ke riƙe da ƙarfen da ake ɗaga murfin ramin mita, ya durƙusa, ya share laka daga gilashi da babban yatsa, ya karanto lamba. Biro kuma ya rubuta a littafi. Shekara goma sha biyu suna haka, gida bayan gida. Ƙugiya ne ma ya kawo Biro aikin, domin ƙanwarsa Biro yake aure. Dukansu ma'aikatan wucin gadi ne, wucin gadin da Ƙugiya kan ce ya fi auren wasu daɗewa.

Sai aka kawo sababbin mitoci masu aika lambarsu ofis da kansu, ba sai an durƙusa musu ba. Manaja ya tara masu karanta mita su shida a baranda, ya ce nan da wata uku aikinsu ya ƙare. Kujera ɗaya ce ta rage, ta akawun karɓar koke-koke, aikin dindindin, kuma jarrabawa ce za ta raba gardama. Tambaya ɗari, sittin na ilimin yau da kullum, arba'in na Turanci. Wanda ya fi maki shi ke da kujera.

Mutum huɗu daga cikin shidan sun rubuta sunansu ne kawai don kada a ce ba su rubuta ba. Kowa ya san tseren na mutum biyu ne. Ƙugiya firamare kaɗai ya yi, amma shekara talatin rediyo na manne a kunnensa, ba abin da ya faru a duniya da bai ji ƙyas ɗinsa ba. Biro ya kai aji uku a sakandare kafin mahaifinsa ya kwanta ciwo, yana iya haɗa jimlar Turanci in an ba shi lokaci. Ƙugiya na da shekara hamsin da 'ya'ya bakwai da gwiwoyin da suka gama aiki. Biro na da arba'in da ɗaya da 'ya'ya huɗu, kuma tuni ya zaga neman wani aikin a ɓoye. A kamfanin gadi an kalli furfurar gemunsa an ce masa matasa ake so. A gidan biredi ko zama ba a ce ya yi ba.

Suka sayi littafin tsofaffin tambayoyi guda ɗaya, wanda ya sha hannu, suka yi alkawarin kowa zai koya wa ɗan'uwansa abin da ya fi shi sani.

"In ka kayar da ni, ka kayar da ni da ilimina a cikinka," in ji Ƙugiya. "Ko banza na ce ɗalibina ne."

Matsalar ita ce Ƙugiya ba ya iya karatu a zaune. Da ya buɗe littafi sai hamma, shafi biyu ya fara gyangyaɗi. Mako guda suka ɓata a haka, kafin wata safiya, yana durƙushe a bakin wani rami, ya ɗago kai.

"Malam Biro, gidan nan watan jiya nawa na karanto maka?"

Biro ya duba littafi. Ƙugiya ya faɗi lambar tun kafin ya samo shafin, ba kuskure ko ɗaya.

"To ka gani. Kaina ba ya riƙe takarda, gida yake riƙewa. Ka rubuto tambayoyin nan, kowane gida mu ajiye masa guda. In na zo ƙofar, tambayar na nan tana jira na kamar karen gidan."

Haka suka yi. Biro ya riƙa kwafar tambayoyi a bayan tsofaffin takardun sanarwa, kowace da amsarta, suka rarraba su a layuka tara da suke zagawa. Gidan tela mai ƙofar kwano shi ne ɗakunan zuciya huɗu. Gidan da ke da bishiyar lemo shi ne ƙashin cinya, wanda ya fi kowane ƙashi tsawo a jikin mutum. Shagon mai walda shi ne zafin da ruwa ke tafasa. Ƙugiya ya ɗaga murfi, ya karanto lamba, Biro ya rubuta, sannan ya jefa masa tambaya. Masu gidaje har suka saba, wata mata kan leƙo ta taga ta ce, "Yau ma zuciyar ɗaki huɗu ce, ko an ƙara mata kicin?"

Abu ɗaya ne ba ya canzuwa. Duk abin da aka ajiye wa Ƙugiya a ƙofa sai ya kwana biyu a kansa yake zama. Kwana ɗaya bai isa ba, washegari sai ya same shi yana rawa kamar haƙorin da ya kusa fita.

Layin da ya fi ba su wuya shi ne dogon layin bayan asibiti, mai gida arba'in cif. Nan suka ajiye babi na bakwai na Turanci, kalmomi arba'in masu wuya, kowace a nemo wadda ta yi daidai da ma'anarta cikin guda huɗu. Biro ne ya kwafe su a rana ɗaya, ya ɗauko amsoshin daga shafin ƙarshe na littafin, inda aka jera su da ƙananan baƙaƙe kamar tururuwa. Wasu amsoshin sun ɗan tsaya masa a rai, amma ya ce wa kansa, kai da ka tsaya a aji uku, kai ne za ka yi gardama da abin da aka buga da inji? Wata biyu suna taka layin nan har Ƙugiya ya iya shi gaba da baya.

Ranar Laraba, saura kwana uku jarrabawa, Ƙugiya ya tafi asibiti a duba masa gwiwa, Biro ya ɗauki ƙarfen ya fita shi kaɗai. A gida na goma sha bakwai a layin bayan asibiti, yana durƙushe yana maimaita kalmar gidan da amsarta a fili, sai ya ji murya a kansa.

"Ɗana, me ka ce?"

Tsohuwar malamar makaranta ce mai gidan, wadda ta yi ritaya, tana ba shukokinta ruwa da buta. Ya gaishe ta, ya maimaita.

"Wa ya koya maka haka?"

"A littafi ne, Malama."

"To littafin ya cuce ka. Kalmar nan marowaci take nufi, kai kuma ka haɗa ta da mai kyauta. Kawo takardun in gani."

Ta sa tabarau, ta zauna a kan dakali, ta riƙa jujjuya su ɗaya bayan ɗaya. Tun tana girgiza kai har ta daina. Ta ware tara gefe guda, ta miƙo masa sauran.

"Waɗannan taran daidai ne, ina jin sa'a ce kawai. Talatin da ɗayan nan, ko ɗaya ba ta zauna a mazauninta ba. Yaushe ne jarrabawar?"

"Asabar."

"Allah ya taimake ka. Je ka duba littafin da kyau, ban yi zaton laifinsa ne ba."

Ba laifin littafin ba ne. Da rana tsaka Biro ya zauna a bayan ofis, kusa da tulin tsofaffin bututu, ya buɗe shafin ƙarshe. Kan babin ya goge inda yatsun mutane suka sha dannawa. Amsoshin babi na shida ya ɗora wa tambayoyin babi na bakwai. Da hannunsa, da birosa.

Gumi ya karyo masa har cikin takalmi. Abin da ya fara zo masa shi ne ya ruga asibiti ya samu Yaya Ƙugiya. Har ya miƙe. Sai ya ce bari dai ya fara gyara takardun, kada ya je da labari babu magani. Ya ari jan biro wurin masinja, ya soke, ya rubuta, ya soke, ya rubuta. Kafin ya kai ta talatin da ɗaya, wata magana ta riga ta shigo zuciyarsa ta sami wuri ta zauna.

Maganar ba ta zo da mummunar fuska ba. Cewa ta yi, Yaya mutum ne mai nauyin kai. In ka gaya masa yanzu, sabon ba zai zauna ba, tsohon kuma zai rushe, har taran da ke daidai su bi ruwa. Zai shiga jarrabawa da fargaba, fargabar ta cinye masa har sittin ɗin da ya fi kowa iyawa. Barin sa a yadda yake tausayi ne.

Biro ya juya maganar ya ga akwai gaskiya a cikinta, kuma wannan ne ya fi tsorata shi. Da ƙarya ce tsagwaronta da ya kore ta. Amma ga ta, rabinta tausayi, rabinta kujera, an cuɗa su yadda ba ya iya gane inda ɗaya ta ƙare ɗaya ta fara. Bai saci komai ba. Bai yi kuskuren da gangan ba. Shin wanda ya ga rami a hanya ya kauce, bai ce wa na bayansa komai ba, shi ya tura shi? To in shi ne ya haƙa ramin fa, ko da cikin rashin sani?

Bai je asibiti ba. Ya ce gobe.

Ranar Alhamis Ƙugiya ya dawo da gwiwa a naɗe da bandeji, yana ɗingishi yana raha.

"Likita ya ce in daina durƙuso. Na ce masa kwantar da hankalinka, hukuma ta riga ka rubuta min wannan maganin."

Gyararrun takardun suna aljihun Biro na hagu. Da suka shiga layin bayan asibiti ya sa hannu a na hagu, ya ji su, ya fitar da hannun wayam. A ƙofa ta farko Ƙugiya ya ɗaga murfi, ya karanto lamba, ya faɗi kalmar gidan da amsarta, ya ɗago yana jira.

"Daidai," in ji Biro.

Ƙofa ta biyu. "Daidai."

Da suka kusa gida na goma sha bakwai Biro ya riƙa leƙen ƙofar malamar, amma a rufe take, ba ta nan. Ya ji wani sanyi a ransa, sannan ya ji kunyar sanyin. Sau arba'in ya ce daidai a ranar, kuma a kowace ƙofa, cikin zuciyarsa, yana maimaita wa kansa amsar gaskiya. A ƙarshen layin Ƙugiya ya dafa kafaɗarsa yana haki.

"Ka ga Turancin nan da nake tsoro, yanzu shi na fi yarda da shi. Allah ya saka maka, ƙanena."

Da la'asar Biro na zaune a ƙofar ɗaki da takardunsa, matarsa ta zo ɗaukar tabarma. Ta tsaya a kansa ta ɗan jima.

"Baban yara, wannan jan rubutun fa?"

"Gyara ne."

"Ni ban iya Turanci ba, amma na san jan biro. Yaya ya san da gyaran?"

Ya yi mata bayani, dogo, da duk hujjojin da ya tara tun jiya. Yadda kan Yaya yake da nauyi, yadda fargaba ke rusa mutum, yadda lokaci ya ƙure. Ta saurare shi har ya gama, tabarmar na rungume a ƙirjinta.

"To kai me ya sa gyaran bai rikita ka ba?"

"Ni da shi ba ɗaya ba ne."

"Haka ne." Ta juya za ta tafi, sai ta tsaya. "Ni ba na shiga tsakaninku. Kai mijina ne, shi cikinmu ɗaya. Wata uku ke nan ban san wanda zan yi wa addu'a ba. Amma abincin da kujerar nan za ta kawo, ni zan dafa shi, kuma ni ma zan ci. Abin da na ce in gaya maka ke nan."

Ta wuce da tabarmarta. Da ta yi faɗa da ya sami abin riƙewa.

Ranar Juma'a da sassafe Biro ya tari Ƙugiya a ƙofar ofis tun kafin su fita aiki. Ya ja shi bayan tulin bututu, ya fito da gyararrun takardun, ya faɗa masa komai a tsaye, yana kallon ƙasa. Ƙugiya ya karɓa, ya riƙa duba jan rubutun, leɓensa na motsi.

"Guda nawa?"

"Talatin da ɗaya."

"Inna lillahi." Ya zauna a kan bututu, ya miƙe ƙafar mai ciwo. "Kuskure ai na ɗan Adam ne. Yaushe ka gani?"

Jiya da yamma, in ji wata murya a cikin Biro, ka ce jiya da yamma, wa zai sani?

"Shekaranjiya, Yaya. Da safe."

Ƙugiya ya ɗago ya dube shi.

"Shekaranjiya."

"E."

"Jiya fa, da kake ce min daidai?"

Biro ya buɗe baki zai kawo maganar tausayi, ya ji ba za ta fito ba a gaban mutumin nan. Ƙugiya ya daɗe yana kallon sa, ba da fushi ba, kamar dai yadda yake kallon gilashin mita in laka ta rufe lamba. Daga nan ya dafa ƙarfensa ya miƙe.

"Wannan maganar ba ta yau ba ce, yau ba ni da lokacinta. Gidajen can sun cika, ba za su karɓi sabon kaya ba. Ina za mu sami ƙofa talatin da ɗaya da ban taɓa ajiye komai a cikinsu ba?"

Suka tafi layin masu kayan gini, inda ba su da mita ko ɗaya. Shago bayan shago, Biro na faɗa, Ƙugiya na maimaitawa yana taɓa ƙofar da ƙarfe. Mai siminti, mai fenti, mai ƙusa, mai tayil. Suka kai ƙarshe suka dawo farko. Sau bakwai suka taka layin a cikin rana, har masu shaguna suka fara tambaya ko hukuma ce za ta rushe wurin. A zagaye na biyar bandejin ya warware, gwiwar ta kumbura kamar ƙwarya. Biro ya ce su huta.

"In huta in ci me? Faɗi ta gaba."

A zagaye na bakwai ya kawo ashirin da shida daidai. A sauran biyar ɗin, da ya tsaya a ƙofar mai fenti sai gidan layin asibiti ya faɗo masa da tsohuwar amsarsa. Ya bugi goshinsa da tafin hannu.

"Kwana ɗaya kawai zai yi a kaina. Ka san bai isa ba."

"Na sani, Yaya."

"Na san ka sani."

An yi jarrabawar a ajin wata makaranta, a kan kujerun yara da teburan da gwiwar babba ba ta shiga ƙarƙashinsu. Biro na baya, Ƙugiya na gabansa da layi biyu. Kalmomi goma sha uku daga cikin arba'in ɗin suka fito. Biro ya amsa su kamar yana shan ruwa, kuma kowace ya amsa sai ya ɗaga kai. Ƙafafun Ƙugiya na motsi a ƙarƙashin tebur, dama, hagu, dama, yana taka layinsa a zaune. Sai su tsaya cak. Su ɗan koma baya. Su sake tsayawa, kamar mutumin da ya zo mararraba ya manta unguwar da ya nufa.

Bayan kwana goma aka manna sakamako a allon sanarwa. Biro sittin da huɗu. Ƙugiya sittin da biyu. Na ukunsu bai kai arba'in ba.

Mutane na ta ba Biro hannu, shi kuwa lambobin biyu kawai yake kallo. Da tazarar goma ce da ya ce ko an gaya wa Yaya tun Laraba ba abin da zai canza. Ya shiga wurin manaja, aka turo masa takardar kama aiki. Bai ɗauki biro ba.

"Ranka ya daɗe, in na farko ya ce ba ya so fa?"

"Sai a ba na biyu. Me ya faru, ka sami wanda ya fi wannan ne?"

"A'a. A ba ni minti goma."

Ya sami Ƙugiya a sito yana mayar da kayan aiki, mai kula da sito na rubutawa. Ya jira har suka gama, suka fito baranda.

"Yaya, manaja ya ce in na bari kai za a ba."

"Sai kuma ka ci me? Ƙanwata ta ci me?" Ƙugiya bai ko dube shi ba. "Kada ka sake ka zo min da wannan. So kake ka sauke kayanka ka ɗora min yunwar gidanka a wuya, in riƙa zama a kujerar ina jin kukan 'ya'yanta. Ban karɓa ba."

"Maki biyu ne."

"Na iya karanta lamba, aikina ne." Ya jingina da bango ya sassauta ƙafar. "Guda huɗu na tsaya a kansu ban san layin da zan bi ba. Na rufe ido na zaɓa. Wataƙila da na sami kwana biyun nan da na ci uku na wuce ka. Wataƙila da ban ci ko ɗaya ba, tsufa ne kawai. Allah kaɗai ya sani, kuma bai kira ni shawara ba."

"Ka yafe min, Yaya."

"Kuskuren kwafi na yafe tun a kan bututun can. Na ranar Alhamis kuwa, bari in sami abin yi tukuna. Mai jin yunwa in ya ce ya yafe, bakinsa ne kawai ya faɗa." Ya gyara hularsa. "Je ka sa hannu kafin manajan nan ya tuna yana da ɗan'uwan da zai ba."

Ya sauka daga baranda a hankali, ƙafa ɗaya sannan ɗayar, ya nufi bakin titi. Biro ya tsaya yana jira ko zai waiwayo. Bai waiwayo ba.

Da ya koma ofis manaja na waya, ya nuna masa wurin da yatsa ba tare da ya katse maganarsa ba. Biro ya karanta takardar tun daga sama har ƙasa, duk da ba abin da yake nema a cikinta. Ya sa hannu. Manaja ya rufe bakin wayar da tafinsa.

"Litinin, ƙarfe takwas. Ka zo da riga mai kyau, jama'a za ka riƙa saurare."